Ungulu da Hankaka: Maƙwabta Biyu a Mahauta



Duk wanda ya yi wayo a Katsina shekaru 40 da suka wuce ya san ba a yanka a mahauta sai ungulu da hankaka sun halarta. Yau hankaka yana nan, amma ungulu sai labari. Abin da nake so mu duba ke nan.

A wajen masana, tsuntsayen nan biyu ba dangi ba ne. Ungulun gari, wadda suke kira Necrosyrtes monachus, gidansu ɗaya da shaho da shirwa da gaggafa. Hankaka kuwa, watau Corvus albus, duk da girmansa da munin muryarsa, cikin jinsin ƙananan tsuntsaye masu waƙa aka lissafa shi. Abinci ne kawai ya haɗa su.

To, me ya raba makomarsu? Da farko dai haihuwa. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, bisa dogon itace irin su kuka ko rimi, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya isa hayayyafa. Hankaka yakan zuba uku zuwa shida, in ya rasa itace ya yi sheƙa a kan turken lantarki, ya ci ƙwari, ya ci hatsi, ya ci shara. Saboda haka in an kashe ungulu goma an yi ɓarnar da za a daɗe ba a mayar ba.

Kuma lalle ana kashe ta. Kanta da ƙafafunta sun zama haja a hannun masu tsubbu, har ana sa guba a mushe don a same ta da yawa. A ƙasar Gini Bisau kaɗai an hallaka fiye da 2,000 ta wannan hanya a 2020. Ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke cikin haɗari a 2011, a 2015 kuma ta ce tana dab da ƙarewa. Hankaka yana sahun waɗanda ba a jin tsoron ɓacewarsu.

Kada wani ya ce ai hankaka zai riƙe mata aikin. Ba zai iya ba, domin tsintar gefe yake yi, alhali garken ungulu yakan share mushe kafin ya ruɓe. Indiya ta gani: da maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe mata fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta daga wajen 1990, karnukan sake suka gaje mushen, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai da gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006.