Wa Ya Kashe Naji al-Ali?

'Yan uwa matasa na Bauranya da kewayen Kankia da Kusada, jawabin yau a kan jinin wani mai zane ne, wanda har yanzu ba a gurfanar da wanda ya zubar da shi ba.

Sunansa Naji al-Ali, Bafalasɗine daga ƙauyen al-Shajara. Yana yaro aka kore su daga gida a 1948, a lokacin kafa Isra'ila, ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Ainul Hilwa a Lebanon. Bai ɗauki bindiga ba, alƙalami ya ɗauka. Mujallar al-Hurriya ce ta fara buga zanensa, sannan ya koma Kuwait a 1963 ya yi aiki da mujallar al-Ɗali'a.

A 1969 ya fito da Hanzala, wani yaro ɗan shekara goma, ba takalmi, tufafinsa duk faci. Daga baya sai ya riƙa zana shi ya juya wa mai kallo ƙeya, ya goya hannuwa a baya, yana kallon abin da ake yi wa mutanensa. Zanen nan ya soki Isra'ila da Amurka, ya soki sarakunan Larabawa, bai kuma ƙyale shugabannin ƙungiyar PLO ba. To kun ga, wanda ya faɗa wa kowa gaskiya ai maƙiyansa ba sa ƙirguwa.

A 1985 aka tilasta masa barin Kuwait, ya koma Landan yana yi wa jaridar al-Ƙabas zane. Ranar 22 ga Yuli 1987, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis, wani ya harbe shi da ƙaramar bindiga. Ya yi makonni biyar a asibiti bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 29 ga Agusta. 'Yan sanda sun kama wani Bafalasɗine da tarin makamai, ya ce yana yi wa Mossad leƙen asiri a cikin PLO. An ɗaure shi saboda makaman, amma ba don kisan ba. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta rufe ofishin Mossad na Landan. An tsinci bindigar a 1989, aka sake buɗe bincike a 2017. Duk da haka babu wanda aka hukunta a kan kisan.

Kada wani ya ce abin can nesa ne. A nan Nijeriya an kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bom a cikin wasiƙa a Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a mulkin Abacha. Shiru kake ji.

'Yan uwa, darasi biyu ne. Na ɗaya, wasu sun ce Mossad ce ta kashe Naji, wasu sun ce 'yan uwansa ne da zanensa ya ƙona wa rai. Saurayi yakan so a ce maƙiyinsa ne, don ransa ya yi sanyi. A'a. Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. A faɗi abin da ya tabbata, a tsaya nan, a kuma ci gaba da tambaya: wa ya harbe shi, wa ya aiko shi?

Na biyu ya fi nauyi. Wata rana wani zai rubuta ko ya zana abin da zai taɓa ɓangarenku, ko wani babba da kuke girmamawa. A ranar ne za a gane ku. Wanda ya amsa alƙalami da wuƙa ya shiga sahun wanda ya harbi Naji, ko da wace tuta ya riƙe. Hujja ake mayar wa hujja.

Allah Ya tona asirin masu zubar da jinin bayinsa. Wassalamu alaikum.