Gidan haya: wa zai yashe kwata?



Na yi shekara biyu a gidan haya a Tiga, ɗaki shida, banɗaki ɗaya. Kowa ɗakinsa fes, har da turaren wuta. Kwatar tsakar gida fa? Wai ta mai gida ce. To, mai gida yana Kano, mu ne sauro ke ci. Damina na sauka, yaran maƙwabciyata biyu suka kwanta zazzaɓi.

Sai muka manna takarda a ƙofar banɗaki, kowane ɗaki da ranar wankinsa. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, kowa ya fito a yashe kwata. Wanda ya zille, shi zai sayi omo da Izal. Ni ma sau biyu na saya, wallahi.