Ƙofa Biyu a Gini Ɗaya: Jami'ar Kolombiya da Maƙwabtanta

 

Yau za mu leƙa birnin New York na Amurka ne, mu ga yadda wata babbar jami'a ta zauna da maƙwabtanta baƙar fata. Jami'ar Kolombiya tana kan tudu, unguwar Harlem kuma tana ƙasa, tsakaninsu akwai wani lambun shaƙatawa na jama'a mai suna Morningside. Tun kafin rigimar da za mu ba da labari, jami'ar ta yi ta sayen gidaje a kewayenta tana tashin 'yan haya, yawancinsu baƙaƙe da mutanen Puerto Rico. Ka ga ke nan da ma zukata ba a kwance suke ba.

To, a farkon 1968 sai ta fara haƙa harsashin gidan wasannin motsa jiki a cikin wannan lambu, filin da na kowa ne. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne zanen ginin. Ɗalibai su shiga ta ƙofar sama, mutanen Harlem ta wata ƙofa can ƙasa, a ɗan sashen da aka ware musu. Jami'a ta ce ai gangaren wurin ne ya sa haka. Mu dai a ganinmu, mutanen da suka sha wulaƙancin ƙofar baya shekara da shekaru ba za su saurari zancen gangare ba.

Ran 23 ga Afrilu, makonni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, ɗalibai suka mamaye ginin Hamilton. Ɗalibai baƙaƙe suka ce wa fararen su fita su nemi wani ginin, su za su riƙe wannan, mutanen Harlem kuwa suna kawo musu abinci. Hukumar jami'a ta yi ɗari-ɗari da su, don tsoron kada unguwar ta tashi. Ran 30 ga wata 'yan sanda suka shiga, aka kama sama da mutum 700. A 1969 aka soke aikin gaba ɗaya.

Da jami'ar ta tashi faɗaɗa harabarta zuwa Manhattanville, sai da ta sa hannu kan yarjejeniya da mutanen unguwa a 2009, har da asusun dala miliyan 76 na ayyukan al'umma. Duk da haka an tayar da wasu masu kasuwanci daga wurin, har kotu aka je. Ramin nan da aka haƙa a 1968 kuwa, tafki aka mai da shi a cikin lambun.