Kek ɗin Biki: Jawabi ga Ɗalibai



Kek baƙo ne a ƙasarmu, daga Turai ya zo mana. A Ingila farin kek ɗin aure ya yi suna tun bikin Sarauniya Biktoriya a 1840, zamanin da farin sukari yake alamar wadata. Mu kuwa muna da namu, wato alkaki da nakiya da dubulan da ake kai wa amarya cikin gara.

Mai son yinsa a gida ya sani ba a kintace a nan. Fulawa da sukari da bota da ƙwai, kowanne nauyinsa ya zo daidai da na ɗan'uwansa. In babu abin gashi na lantarki, sai a zuba yashi cikin babbar tukunya a ɗora bisa garwashi, kada a buɗe kafin rabin sa'a don kada ya kwanta. Ado kuwa sai ya huce, in ba haka ba sukarin ya narke.

Ku da za ku fara cin albashi, kada ku ci bashi saboda kek mai hawa uku, kada kuma baƙo ya kori alkaki daga faifai. Daidai ruwa daidai tsaki.