Shigar Burtu: Kun San Burtun Kuwa?



Kullum sai ka ji an ce "wane ya yi mana shigar burtu", musamman in zaɓe ya matso. To tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa ganin burtun?

Burtu dai babban tsuntsu ne, baƙi, mai dogon baki, a ƙasa yake yawon kiwo. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharbanmu suka yi dabara. Masassaƙi ya sassaƙa kai da wuyan tsuntsun da itace, a rufe da fata, wani lokaci a manna masa jajayen ƙwayoyin idon zakara. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya dinga rarrafe yana kaɗa kai har ya kusanci barewa. Ka ji asalin maganar.

Ba mu kaɗai ke sa sassaƙe a fuska ba. A Kwango, yankin Kasai kusa da iyakar Angola, ƙabilar Lwalwa na sassaƙa fuskokin itace masu dogon hanci, irin su nkaki da mvondo, don rawar bikin balagar samari. Yau suna gidajen tarihi a Turai da Amurka, an rubuta littattafai a kansu. Namu burtun ba tsafi ba ne, kayan sana'a ne, amma wa ya rubuta tarihinsa a garinku?

Dubi nan Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, jeji ya koma gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Alheri ne, wallahi. Sai dai farauta ta ja baya, roba ta ture akushi, inji na neman ture turmi. Masassaƙan da suka rage yawancinsu dattawa ne.

Don haka ga aikin wannan mako. Ɗauki wayarka, je wurin masassaƙi ko tsohon maharbi a unguwarku. Gaishe shi da ladabi, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya. Tambaye shi: Baba, me ya sa ake son ƙirya wajen turmi? Yaya ake riƙe gizago? Wa ya koya maka? In akwai tsohon burtu a gidan, ɗauki hoto, kar ka bari a sayar wa dillali a kan kuɗin kati.

Ku turo mana abin da kuka samo. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.