Sunayen Kayan Aikin Mai Nazarin Adabi

Malamaina, iyayen Zongo, da ku ɗalibai da kuka taru nan Kakabeli, na gode da kuka ba ni wannan kujera.

Ɗazu a bakin ƙofa wani ɗan lise, wato makarantar sakandare, ya tambaye ni wai ko Hausa tana da kalmomin nazarin adabi irin waɗanda ake ba su hadda da Faransanci. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ke nan. Amma bari in tuna masa cewa Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Kete-Karaci tun tana ƙarƙashin Togo ta Jamusawa, ya yi ta rubuta waƙoƙi da ajami har rasuwarsa a 1934. Baituka da ƙafiya sun riga lise zuwa ƙasar nan.

Mu fara da jigo. Duk wanda ya taɓa ganin lambu a ƙasar Hausa ya san jigo: dogon icen da ake ɗaura wa guga, ana janyo ruwa daga rijiya. Idan ya karye, ban ruwa ya tsaya. To, haka saƙon da littafi ya rataya a kansa yake. Kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa shi ne a tambayi ɗalibi jigon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ya kama bayar da labari: an sace yaro, uwa ta bi sawu, aka ƙetare hamada. Wannan ai zubi ne, wato yadda aka jera aukuwar abubuwa. Jigon kalma ɗaya ce, bauta. Shi kuwa Umar, wanda labarin ke kewayawa a kansa, shi ake kira tauraro, kamar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja. Littattafan nan biyu daga gasa ɗaya suka fito, wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933.

A waƙa, layi ɗaya ɗango ne, tarin ɗangogi baiti. Mai ɗango biyu ƙwar biyu, mai biyar ƙwar biyar. Sautin da ke dawowa a ƙarshen kowane baiti shi ne babban amsa-amo, wanda malaman zaure ke ce wa ƙafiya. Na cikin baiti kuma ƙarami. Kari kuwa da kunne ake kama shi. Ku rera, za ku ji inda gaɓa mai nauyi ta faɗi da inda marar nauyi ta wuce.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne adon harshe, don a nan ake yawan rikicewa. Ku ɗauki direban tirela mai ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Yamai. In kuka ce yana da haƙuri kamar raƙumi, kun yi kamance, ga "kamar" nan tsaye a tsakani. In kuka ce shi raƙumin hanya ne, kun cire tsanin, kun yi siffantawa. In kuka ce titin Sinkase ya san sunansa, yana gaishe shi da asuba, kun ba titi baki da hankali, wannan mutuntarwa ce. In kuka ce kayan da ya ɗauka a rayuwarsa sun isa su cike teku, kambamawa ke nan, kuma kakanninku mata sun fi ni iya ta, ku saurare su ranar biki.

Abdulƙadir Ɗangambo, da ya rubuta hanyar nazarin waƙa, sai ya ari kalmar mahauta ya kira aikin feɗe waƙa. Ni dai ina ganin ya dace: a raba fata da nama ba tare da an huda ba.

Roƙona gare ku, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya samu tsohuwa ɗaya a gidansu ta yi masa tatsuniya, ya rubuta ta, ya fitar da jigonta da tauraronta, ya kawo wa malaminsa.