Direban Kifin Ƙanƙara da Shingayen Hanyar Batsari

Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a ƙauyen Yasore na Batsari daga Katsina yake fitowa, kuma direban da ya ɗauko shi tsere yake yi da rana. Galibin motocin nan ba su da injin sanyi. Kwalaye ne ake jerawa, a yayyafa ƙanƙara, a lulluɓe da buhunan algarara da tamfol. Da zarar ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin bodi, kwalin ƙasa ya jiƙe ya saki, to kuɗi ne ke zuba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya cinye ribar da a da take rufe irin wannan asara. Ga shi wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a karkara, balle a sake daskarar da abin da ya narke.

Don haka ya kamata a riƙa sallamar waɗannan motoci da wuri a shingayen bincike. Za a ce ai ta bakin dajin Rugu ake bi, kuma ɓarayin daji ma da mota ake kai musu kaya. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai ce a daina bincike a Batsari ko Safana. Amma a binciki motar tun wurin lodi, a ɗaure tamfol da hatimi, a ba direba takarda, shingen gaba ya duba hatimin kawai. Bankaɗe tamfol sau huɗu cikin zafin Afrilu ba ya ƙara tsaro, sai dai ya sa uwa ta saya wa 'ya'yanta kifin da ya soma wari.